Kafin A Sayi Ragon Suna

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai, a babban ɗakin taro na makaranta



Godiya ta tabbata ga Allah da Ya sake tara mu a wannan ɗaki, inda muka sha bulala kuma muka karɓi kyaututtuka. Malamanmu da 'yan uwanmu da suka riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansu, Ya kyautata namu zuwan.

Sa'ad da sakatare ya aiko mini da takardar gayyata, cewa ya yi in yi magana a kan duk abin da na ga dama, muddin ba siyasa ba ce. Na san da yawanku kun zaci a kan fansho zan yi, tun da shi ne ciwon da ya haɗa mu. To, ku yi haƙuri. Magana zan yi a kan matan da ke rasuwa wajen haihuwa, da kuma kuɗin da ya kamata a kashe domin su daina rasuwa. Ni ba likita ba ne, kowa ya sani, kimiyya ma da ƙyar na tsallake ta. Ga likitocinmu nan a layin gaba, inda na kauce su gyara mini. Abin da na sani shi ne kasafin kuɗi, domin shekara talatin da biyar na yi ina wannan aiki, kuma ta wannan ƙofa zan shigo.

A watan Fabrairu na shekarar 1987 aka yi wani babban taro a Nairobi ta ƙasar Kenya, inda ƙasashen duniya suka yi alkawarin rage mutuwar mata wajen haihuwa da rabi kafin shekarar 2000. Ni ban ji labarin wannan taro ba sai bayan shekaru da yawa. Abin da na sani shi ne abin da ya faru a gidanmu da ranin shekarar 1988.

Ƙanwata ce, uwa ɗaya uba ɗaya, tana aure a wani ƙauye, haihuwarta ta biyu. Ta sauka a ɗakinta wajen ƙarfe ɗaya na dare, ɗa namiji, ungozoma ta yanke cibiya, har an rangaɗa guɗa. Sai mabiyiya ta ƙi faɗowa, jini ya ɓalle. Mijinta ya tafi cin rani kudu. Wansa, wanda aka bar wa gida, ya kwana a wani ƙauyen. Babu wanda ya ga yana da hurumin cewa a fita da matar wani da tsakar dare, sai aka yi ta jiƙe-jiƙe ana ba ta, ana jiran gari ya waye. Da asuba wan mijin ya dawo ya ce a tafi. Ƙauyen kuwa mota ba ta shigarsa sai ranar kasuwa, saboda haka a amalanke aka ɗora ta har bakin kwalta. A can direbobi biyu suka tsaya, suka leƙa, suka ga jini, suka wuce, don gudun kada ta cika a motarsu su kwana a hannun 'yan sanda. Na uku mai a-kori-kura shi ya ɗauke su. Sun isa asibiti hantsi ya dubi ludayi. Likita ɗaya ne, yana ɗakin tiyata da wata. Da ya fito ya duba ta ya ce jini za a ƙara mata, ga shi babu ko leda ɗaya a ajiye. Aka gwada mazan da suka rako ta, na mutum ɗaya ya dace, sai ya ce zai je ya kama ruwa, har yau bai dawo ba. Ta cika bayan azahar kaɗan.

Washegari na iso. Abin da na fara gani da na shiga gidan shi ne rago, ƙato, ɗaure a gindin durumi. Wata huɗu aka yi ana kiwonsa saboda suna. Mijinta mutumin kirki ne, yana son ta, tun kafin ya tafi ya sayi ragon, ya ajiye atamfofin fitar suna, ya bar kuɗin itacen wankan jego. An yi tanadin komai na rana ta bakwai. Daren farko ne babu wanda ya yi wa tanadi, har da ni ɗan boko mai albashi, wanda bai taɓa tambayar ko tana zuwa awo ba.

A shekarar 1994 wasu masu bincike biyu, Sereen Thaddeus da Deborah Maine, suka rubuta cewa jinkiri iri uku ne ke kashe mata masu haihuwa a ƙasashe masu tasowa: jinkirin yanke shawarar a tafi asibiti, da jinkirin isa can, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Da na ci karo da wannan bayani sai na ga kamar suna cikin amalanken nan. Duka ukun sun faɗa wa ƙanwata a rana ɗaya.

Yanzu bari mu yi lissafi. Ga malaminmu na lissafi nan zaune, Allah Ya ƙara masa lafiya, wanda ko amsarka daidai ce sai ya ba ka sifili idan ba ka nuna aikinka ba. Malam, ga aikina. A watan Afrilu na 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙiyasin shekarar 2023, inda ta ce mata kimanin 260,000 ne suka rasu a duniya sanadin ciki ko haihuwa. Kusan kashi 70 cikin 100 a Afirka kudu da Sahara suke. Nijeriya ita kaɗai tana da kimanin 75,000, wato fiye da rubu'in na duniya gaba ɗaya. Idan aka raba 75,000 gida 365, za a sami mata 205 kowace rana, mace ɗaya ke nan a duk minti bakwai. Kafin in sauka daga kan wannan dandamali, huɗu ko biyar sun tafi. Ku ɗauka bas-bas goma sha ɗaya ne, masu cin mutum goma sha takwas, suke kifewa kullum ta Allah a hanyar Kano zuwa Zariya, babu mai fita da rai, kuma duk mata ne masu ƙuruciya. Kwana nawa za a yi kafin a rufe hanyar? Amma da yake waɗannan ɗai-ɗai suke mutuwa, a ɗaki, da dare, a bayan labule, sai a yi jana'iza da safe, a yi zaman makoki kwana uku, a nema wa jariri mai shayarwa, shi ke nan.

Wannan ƙiyasi ya nuna a cikin kowace haihuwa 100,000 da aka sami jariri da rai, mata 993 ke rasuwa a Nijeriya. Binciken da ƙasarmu ta yi da kanta a 2018 ya ba da 512. Kowa ya ɗauki wanda ya fi kwanta masa, domin burin da duniya ta sa wa kanta shi ne a sauko ƙasa da 70 kafin 2030, kuma ko ta wace hanya aka auna, tazarar tana da yawa. Shi dai wannan bincike na 2018 ya nuna mata 39 cikin 100 ne ke haihuwa a asibiti a faɗin ƙasa, a Arewa maso Yamma kuwa kimanin 16 ne. Ba sai na gaya muku a wane yanki ne gawarwakin suka fi yawa ba.

Na san abin da wani zai ce a zuciyarsa, domin ni ma an gaya mini ranar ta'aziyya: kwana ne ya ƙare, kuma malamai sun ce wadda ta rasu wajen haihuwa ta yi shahada. Haka ne, mun yi imani, muna kuma yi mata fatan wannan daraja. Sai dai darajar tata ce. Ban ji malamin da ya ce mutumin da ya ga jini ya wuce da motarsa yana da rabo a ciki ba, ko wanda aka ba amanar kuɗin magani ya karkatar. Mu ɗin nan idan hawan jininmu ya tashi, ba ma cewa a bari kwana ya ƙare. Jirgi muke hawa zuwa Alƙahira ko Indiya. Tawakkalin da muke yi da ran matanmu, mu gwada yin sa da namu mu gani.

Abin da ya fi ci mini rai, a matsayina na mutumin kuɗi, shi ne arhar maganin. Tun da na yi ritaya aka sa ni cikin kwamitin lafiya na gundumarmu, na zauna da ungozomomin asibiti na koyi abubuwa. Manyan masu kisan ba su da yawa. Na farko zubar jini bayan haihuwa, wanda zai iya gamawa da lafiyayyar mace cikin awa biyu. Sai jijjiga, wadda wasu ke kira taune-taune, da hawan jinin masu ciki ke kawowa, mu kuma mu ce iska ce, mu kama turare da hayaƙi. Sai doguwar naƙuda, sai zazzaɓin da ƙwayoyin cuta ke sawa bayan haihuwa. Kowannensu an san maganinsa tun da daɗewa.

Ɗauki jijjiga. Akwai wata allura, maganiziyam salfet, wadda wani babban gwaji da aka yi a ƙasashe 33 ya tabbatar a 2002 cewa tana rage haɗarin jijjiga da fiye da rabi. Da aka shigar da ita manyan asibitoci goma na Jihar Kano wajen 2008, aka koya wa ma'aikata yadda ake yin ta, matan da ke mutuwa cikin masu wannan ciwo suka sauko daga kusan 21 cikin 100 zuwa ƙasa da 3. Ba a gina sabon asibiti ba, ba a kawo Bature ba. Allura ce da horo. Kafin ma a kai ga allura, abin awon jini da ɗan tsinken gwajin fitsari sun isa su nuna wadda ke cikin haɗari tun ciki yana wata shida ko bakwai, in dai ta zo awo, in kuma ta tarar da mai awon.

Zubar jini ma haka. Akwai allurar oksitosin da ke sa mahaifa ta tsuke da zarar an haihu, sai dai tana son sanyi, idan ta kwana biyu cikin zafin Afrilu a kan kanta ƙarfinta ya ragu, a yi wa mace ita a zaci an yi magani. Ashe ke nan firji da wutar da za ta riƙe shi suna cikin maganin. Akwai ƙwayar misoforostol wadda ba ruwanta da firji, kuma Nijeriya ta yi mata rajista domin wannan aiki tun 2006. Akwai allurar tiranezamik, wadda gwajin da aka yi wa mata 20,000 ya nuna a 2017 cewa tana rage mutuwa ta zubar jini da kusan sulusi idan an yi ta cikin awa uku. Na baya-bayan nan shi ya fi burge ni, domin da 'yarmu a ciki. A 2023 aka bayyana sakamakon wani gwaji mai suna E-MOTIVE, wanda aka yi a asibitoci 80 na Nijeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, a kan mata fiye da 200,000, kuma Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero tana cikin jagororinsa. Dabarar ita ce a shimfiɗa wa mai haihuwa wata leda mai aljihu, da ma'auni a jikinta, jinin ya riƙa taruwa a ciki. Da can da ido ake kintata, ido kuwa yana ruɗi, zane ya shanye, katifa ta shanye, kafin a farga an makara. Yanzu da zarar jini ya kai layin da aka shata, sai a haɗa mata komai a lokaci ɗaya: a murza mahaifa, a yi alluran nan, a ɗaura ruwa, a duba inda jinin ke fitowa. Wannan kaɗai ya rage mummunar zubar jini da abin da take jawowa da kashi 60 cikin 100. Leda ce fa, jama'a.

To, in maganin yana da arha haka, ina kuɗin ke tafiya? Nan ne zan tona asirin kaina, ba zan kuma ambaci ofis ko mutum ba, domin da hannuna a ciki. Duk shekara idan muka zauna tsara kasafi, abin da kowane mai iko ke so shi ne gini. Gini ana ganinsa, ana yanka masa kyalle, ana manna allo da suna, akwai kwangila a cikinsa. Kuɗin gudanarwa kuwa, wato man janareto, da magani, da alawus ɗin mai kwana a bakin aiki, da gyaran motar ɗaukar marasa lafiya, ba su da ranar buɗewa. Saboda haka duk lokacin da kuɗin shiga suka gaza aka ce a rage, nan alƙalamina yake fara sauka. Na yi haka ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba, ina ganin na iya aiki.

Bayan na bar aiki, wata rana hanya ta bi da ni ta wani ƙauye, na ga wani ɗakin haihuwa da na tuna na sa hannu a takardar biyan kuɗin gininsa. Na tsaya. Ƙarfe uku na yamma ne, ƙofa da kwaɗo. Awaki sun kwanta a baranda. Na leƙa ta taga, ga gadaje shida ko ledarsu ba a cire ba. Mai gadi ya ce mini akwai ma'aikaciya, amma daga cikin gari take zuwa, ƙarfe biyu take tashi. Na ce idan naƙuda ta zo da dare fa? Ya dube ni kamar na yi tambayar yara, ya ce, “Ranka ya daɗe, ai sai Allah.” A takardunmu wannan ƙauye yana cikin waɗanda aka gama da su.

Ban ga laifin ma'aikaciyar ba. Babu ɗakin kwana, babu ruwa, babu wuta, babu katanga, albashi sai an ga dama. Wanene a cikinku zai bar 'yarsa ta kwana a nan? A 2009 Gwamnatin Tarayya ta fito da shirin tura ungozomomi karkara, aka ɗebi sababbi da waɗanda suka yi ritaya, aka raba nauyin biyansu tsakanin tarayya da jiha da ƙaramar hukuma. Shiri ne mai kyau, amma a wurare da yawa kason jiha da na ƙaramar hukuma bai riƙa fitowa a kan kari ba, da yawansu suka tattara suka koma gida. Naƙuda ba ta san ƙarfe biyu ba, ba ta san ranar Lahadi ba. Abin da ke ceton mace shi ne ƙwararriyar da ke nan a farke da ƙarfe ukun dare, da magani a hannunta, da fitila, da lambar direban da zai zo, da asibitin gaba mai jini da likitan tiyata. Duk wannan kuɗin kullum ne, wanda ba a ɗaukar hotonsa.

Kada wani ya ce sai ƙasa ta yi arziki tukuna. Siri Lanka, tsibirin nan da ke kudu da Indiya, a shekarun 1930 matan da ke rasuwa a can sun haura 1,500 a cikin haihuwa 100,000, sun fi namu na yau. Ba su da man fetur, ganyen shayi da roba suke sayarwa. Suka horar da ungozomomin gwamnati suka ba kowace yankinta, ta san duk mai cikin da ke ciki, suka sa haihuwa a asibiti kyauta, suka sa ilimi kyauta ga maza da mata tun 1945, kuma suka ɗauki al'adar bin diddigin duk macen da ta rasu wajen haihuwa, a zauna a gano inda aka yi sake. Yau adadinsu bai kai 40 ba. In kun ce wannan nesa ne, ga maƙwabtanmu na Nijar, 'yan uwanmu na jini, waɗanda ba su kai mu samu ba. Daga 2015 zuwa 2020 sun bi tsari ɗaya a asibitocinsu na faɗin ƙasa: ƙwayar misoforostol, in ba ta tsayar ba a sa wata 'yar balan-balan cikin mahaifa a cika ta da ruwa ta danne jinin, sannan a ɗaura wa mace wata riga mai matse ƙafafu da ciki domin ta kai asibitin gaba da ranta. Rahoton da ya fito a 2023 ya nuna mutuwa ta zubar jini ta ragu da fiye da rabi. Daga Maraɗi zuwa Katsina tafiyar awa nawa ce?

Mu ma ba alkawari muka rasa ba. A watan Afrilu na 2001, a Abuja, shugabannin Afirka suka amince kowace ƙasa ta ware wa lafiya aƙalla kashi 15 cikin 100 na kasafinta. Mu masu masaukin baƙi, kason tarayya ya fi yawan kai-kawo tsakanin 4 da 6. Wasu jihohin Arewa sun kai 15 ɗin a rubuce, sai dai ku tambaye ni bambancin abin da aka rubuta da abin da aka saki. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta tanadi aƙalla kashi ɗaya cikin 100 na kuɗin shigar tarayya domin ƙananan asibitoci. A watan Nuwamba na 2024 ministan lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya ba da sanarwar tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi, tare da shirin mai da hankali kan ƙananan hukumomi 172 da suka fi yawan mace-macen. Duk abin a yaba ne. Amma har yanzu fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa a kan lafiya a ƙasar nan daga aljihun majiyyaci yake fita, shi ya sa talaka ke lissafin buhun gero nawa zai sayar kafin ya ce a tafi asibiti. A 2025 kuma Amurka ta rufe hukumarta ta ba da agaji, USAID, wasu ƙasashen Turai suka rage nasu tallafin. Wanda ya saba cin tuwon maƙwabta, ranar da aka rufe ƙofa dole ya hura wutarsa.

Akwai kuma abin da ba gwamnati ce za ta yi mana ba. Tsakanin 1976 da 1979 Farfesa Kelsey Harrison ya bi diddigin haihuwa 22,774 a asibitin Zariya, aka buga sakamakon a 1985. Ya tarar mutuwa ta fi yawa nesa ba kusa ba a cikin matan da ba su taɓa zuwa awo ba sai da abu ya ɓaci aka kawo su, da yara ƙanana da ƙugunsu bai gama buɗewa ba, da waɗanda suka yi haihuwa da yawa ƙwarai. Matan da suka yi makaranta kuwa mutuwa a cikinsu kaɗan ce. Shekara arba'in ke nan da aka gaya mana, a garinmu, da matanmu. Waɗanda suka tsira daga doguwar naƙuda kuma, wasunsu ku je Babbar Ruga ta Katsina ku gan su, inda likitan nan ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, ya fara ɗinkin yoyon fitsari tun cikin shekarun 1980. Yarinya ta rasa jariri, ta rasa lafiya, sau da yawa ta rasa auren ma.

A nan ina da tambaya ga 'yan uwana maza. Da yawanmu ba ma son namiji ya karɓi haihuwar matanmu, kuma ban ce wannan kishi laifi ne ba. To, ita macen da muke so ta karɓa, daga sama za ta faɗo? 'Yar wani ce, wadda ubanta ya bari ta gama sakandare, ta ci Turanci da lissafi da darussan kimiyya, ta shiga makarantar ungozoma. Mutum ya cire tasa 'yar daga aji uku ya aurar, sannan ya zo asibiti yana faɗa wai babu mace a ɗakin haihuwa. Malam, wannan lissafin ko an nuna aiki ba zai fita ba.

Ranka ya daɗe shugaba, na zo inda za a ji haushina. Shekara uku muna tara kuɗi domin gina wa makarantarmu babbar ƙofa mai hasumiya da sabon ɗakin taro. Na ba da nawa, ba na kuma neman a fasa. Roƙona shi ne a cire kashi ɗaya cikin uku na abin da ke asusun, a rage tsawon hasumiyar, a yi wani aiki da shi a ƙauyukan nan da ke kewaye da makaranta, waɗanda iyayensu suka ba da gonakin da aka gina ta, matansu suka yi shekaru suna sayar mana da ƙosai da fura ta kan waya. Mu zaɓi 'yan mata daga cikinsu, waɗanda suka gama sakandare, mu ɗauki nauyin karatunsu na ungozoma har su gama, bisa yarjejeniya da iyayensu da mazajensu da dagaci cewa a gida za su yi aiki. 'Yar gari ba ta tashi ƙarfe biyu, domin ɗakinta yana bayan asibitin. Ƙaramin asibitin da ke bakin kasuwa kuma, wanda yawancinmu an taɓa wanke mana gyambo a cikinsa, na je na duba shi makon jiya. Yana bukatar wuta mai aiki da hasken rana, da firji, da ɗaki ɗaya mai ƙofa da makewayi inda ma'aikaciya za ta kwana. Injiniyoyinmu su je su yi mana kiyasi, su kuma yi shi tsakani da Allah, ba irin wanda ake kawo mana ofis ba.

Akwai wanda ba ya cin ko kwabo. Ƙungiyar direbobi ta ƙasa ta taɓa nuna ana iyawa, a jihohi irin su Jigawa da Katsina da Yobe da Zamfara, inda aka horar da direbobin tasha su riƙa ɗaukar mai naƙuda ko da tsakar dare. Shugaban tashar garin nan ɗan ajinmu ne, ga shi can yana sunkuyar da kai. Alhaji, bayan an ci abinci ina son ganinka. Sannan jini. Lafiyayyen namiji yana iya bayarwa duk bayan wata uku, abin da ake ɗiba bai kai rabin lita ba, kuma ba ya rage wa kowa ƙarfin noma ko na wani abu. Mu da muka tsufa an yafe mana, amma ƙungiyar nan tana da matasa ɗaruruwa. A buɗe rajista, kowa a san rukunin jininsa da lambar wayarsa, a ajiye kwafi a babban asibiti.

Waɗanda Allah Ya ɗora a kan kujeru a cikinmu, kwamishinoni da 'yan majalisa da manyan sakatarori da shugabannin ƙananan hukumomi, na ga aƙalla bakwai a nan, ba ku bukatar in koya muku aiki. Abu ɗaya nake roƙo. Ranar da aka kawo muku fayil aka ce kuɗi sun gaza a rage, ku duba layin da ni na saba yankewa, ku ɗaga alƙalamin.

Na rubuta wannan shawara a takarda na miƙa wa sakatare, ina neman a sa ta cikin ajandar zaman da za a yi bayan sallar azahar, a kaɗa mata ƙuri'a. Littafin rajistar jini kuma yana kan tebur a bakin ƙofa, ɗan ƙanwar tawa ne zaune a wurin da biro, shi ya fara sa sunansa.